Maganin Amai Ga Mai Laulayi

Sau da yawa mu malamai da akawuna ake kawo wa kwalbar magani, a ce mu duba ko mai juna biyu ta iya sha, don tashin zuciya ya hana ta cin abinci. Tun da mun iya karanta rubutun jikin kwalba, sai a zaci mun san abin da ke ciki. To, kafin mu amsa, ya kamata mu san labarin wani magani, Thalidomide.

A shekarar 1957 aka fara sayar da shi a Jamus ta Yamma, ba sai da takardar likita ba. Asalinsa maganin barci ne, amma da aka ga yana kwantar da amai sai mata masu laulayi suka yi ta sha. Ya bazu ƙasashe 46, har da Ingila. Ashe idan mace ta sha shi tsakanin kwana 20 da 36 da shigar ciki, watau lokacin da gaɓoɓin jariri ke tsirowa, sai ya tsai da su. Aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, waɗansu dungu, yatsu manne a kafaɗa, waɗansu ba kunne, da yawa kuwa ba su rayu ba. Uwar ita lafiya lau, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Sai a watan Nuwamba 1961 aka janye shi, bayan Likita Lenz na Jamus da Likita McBride na Ostareliya sun gano tushen ɓarnar. Amurka ta tsira da sauƙi, domin wata likitar hukuma, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu tun 1960, ta ce shaidar da aka kawo ba ta isa ba. Lalle taurin kai irin wannan abin yabo ne.

Kada a ce mun hana magani. Yau akwai waɗanda aka daɗe ana gwadawa, kamar bitamin B6 haɗe da Doxylamine, ko Promethazine, amma likita ko ungozomar asibiti ke zaɓa. Laulayi mai sauƙi kuwa, citta da cin abinci kaɗan kaɗan sukan taimaka, galibi kuma yakan lafa bayan wata huɗu. Amma in mace ta yi yini guda ko ruwa bai zauna mata ba, fitsari ya ragu ya yi duhu, a kai ta asibiti ranar nan, don jikinta ya fara bushewa.