Manyan Babura a Hanyar Masaka: Ina Amfanin Ƙarin Gudu?

A shekarar 1999 kamfanin Suzuki ya fito da babur ɗin Hayabusa, wanda gudunsa ya haura kilomita 300 a awa. Ba a jima ba manyan kamfanonin babura suka amince su tsayar da gudu a kilomita 299. Tun daga nan wasu masu baburan doguwar tafiya ke biyan makanikai su kwance wannan takunkumi a kwamfutar inji, su sauya salansa.

Sai dai ma'aikacin da ke tasowa daga Masaka zuwa Abuja, cunkoson Mararaba da Nyanya ke jiransa. Kuma idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata kan ninka sau huɗu. Gara kuɗin gyaran ya tafi ga birki, taya da hular kwano.