Jita biyu a dandali ɗaya: wa ke magana, wa ke riƙe kiɗa?

A kwanakin baya na halarci wani biki a Zangon Tafo, inda wani ɗan kasuwa mai kai goro arewa ya aurar da 'yarsa. Bawan Allahn nan bai yi rowa ba. Ya ɗauko 'yan kiɗan zamani, da janareta, da lasifikoki manya-manya, kuma cikin makaɗan har da samari biyu masu jita waɗanda kowannensu gwani ne. Amma aka shafe fiye da awa ɗaya mata suna zaune, ba wadda ta miƙe. Da gari ya waye sai rigima ta tashi kan cikon kuɗi: mai biki ya ce ba a yi masa kiɗa ba, makaɗa suka ce sun yi har yatsunsu sun yi ciwo.

Ni dai a ganina kowa na da gaskiyarsa. An kaɗa jita sosai, sai dai samarin biyu aiki ɗaya suke yi a lokaci ɗaya, kowa yana tseren nuna gwaninta. Kamar a ce dillali biyu ne suke yi wa mai saye ɗaya ciniki, kowa yana ɗaga murya.

A tsarin makaɗa, jita biyun nan ba aikinsu ɗaya ba. Akwai ta baya, wadda suke kira ridim, akwai ta gaba, wato lid. Ta baya ita ke riƙe kiɗa: ta ɗauki ɗan gajeren zagaye ta yi ta maimaita shi ba gajiya, tana bin ƙararrawar da Asantawa ke kira dawuro. Ta gaba ita ke magana, amma sai mawaƙi ya ajiye baiti ya ja numfashi take shigowa ta amsa masa. Duk wanda ya saurari Mamman Shata da 'yan amshinsa ya san wannan ladabi: ba a hawa kan muryar mai waƙa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garin nan. A shekarar 1928 wasu mutum uku da ake kira Kumasi Trio, ƙarƙashin Kwame Asare wanda aka fi sani da Jacob Sam, suka je Landan kamfanin Zonophone ya ɗauki kiɗansu a faifai, ciki har da "Yaa Amponsah", wadda zagayenta ya zama tushen da masu koyon jitar hailaif ke farawa da shi. Salon kaɗawarsu da yatsa biyu daga matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya ya samo asali: babban yatsa na bugun tsirkiyoyi masu kauri, manuni na fitar da waƙa a kan sirara. Ka ga ke nan tun a hannu ɗaya an raba aikin gida biyu. Agya Koo Nimo, wanda aka haifa a 1934, a kan wannan salo ya yi suna a nan Kumasi. Da ƙungiyoyi suka girma, tun daga zamanin E.K. Nyame a shekarun 1950 zuwa African Brothers ta Nana Ampadu da aka kafa a 1963, sai aikin yatsun nan biyu ya koma hannun mutum biyu ko uku.

To, yaya ake rabon? Abu na farko wuri ne. Idan mai ridim yana tsakiyar wuyan jita, mai lid sai ya haura can inda sauti ke siriri, don kada su haɗu a murya ɗaya, su kuma bar wa mai bes ƙasa. Sai lokaci, kuma a nan ne samarinmu suka fi faɗuwa. Mai ridim nagari ba ya cika kowane gurbi; yakan ɗora tafin hannunsa kan tsirkiya ya daƙile sautin, ya bar 'yan ramuka tsakanin bugu da bugu. Waɗannan ramukan su ne ƙofar da lid ke shiga, su ne kuma ke ɗaga ƙafar mai rawa. Idan aka toshe su, kiɗa ya zama kamar kunu mai kauri. Lid kuwa a hailaif yakan taɓa tsirkiya biyu tare, sai ka ji kamar mata biyu na rera waƙa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya faɗi 'yar gajeriyar magana ya yi shiru.

Mutanen Kwango sun kai abin nesa. Sunan Dokta Nico ya cika Afirka saboda lid ɗinsa, amma yayansa Dechaud ne ke bayansa yana riƙe masa kiɗa, kuma ba kowa ke tuna shi ba. Daga baya ma suka ƙara jita ta uku a tsakani, wadda suke kira mi-solo. Masu sayar da kaset a Aflao da Paga da Bawku sun sha sayar da wannan kiɗa, ko da ba su san sunan aikin ba.

Abin da ya raunana sana'ar a Gana sananne ne. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da yawa suka tafi ƙasashen waje irin su Jamus, wasu suka koma kiɗa a coci. Sannan kibod ya zo, mutum ɗaya yana yin aikin biyar. Yaron da ya taso bayan haka bai samu dattijon da zai zaunar da shi shekara guda kan ridim kaɗai ba. Kowa lid yake so, domin shi ake yi wa liƙi.

Saboda haka, Alhaji, idan za ka ɗauko makaɗa, je wurin gwajinsu tukuna. Ka ce mai lid ya ajiye jitarsa, mai ridim da mai ganga su kaɗa su kaɗai na minti biyar. In ka ji kanka yana kaɗawa, ka biya kafin alƙalami. Kuma ranar biki, in za ka yi liƙi, ka ratsa ta bayan mawaƙi ka manna wa wancan da ke tsaye kusa da mai ganga 'yan sidi a goshi.

Samarin Tafo ɗin nan kuwa, na leƙa inda suke gwaji bayan mako biyu. Na tarar sun jefa kwabo don a fitar da wanda zai koma baya, wanda ya faɗi kuma yana ta ƙunƙuni a kan benci, jita a cinya.