Raya fako a Adar: lissafin furojen Kaita da aikin da ya rage wa jami'a

Gabatarwa

Tambayar da ta sa muka rubuta wannan maƙala ita ce: idan wata ƙasar waje ta zuba kuɗi don a raya ƙasar noma da ta mutu, ta yaya za a auna ribar aikin, kuma wa ya kamata ya auna ta? Mun ɗauki misalin Adar, cikin jihar Tawa, domin a nan ne aka gudanar da ɗaya daga cikin manyan ayyukan yaƙi da hamada na yankin Sahel, wato furojen Kaita.

1. Fari da rufe iyaka

Arewacin Adar ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, inda noman kirki yake cikin fadamu. Farin 1973 da na 1984 sun tarar da itatuwa sun riga sun yi ƙaranci, sai ruwan sama ya riƙa kwararowa daga tuddai ba abin da ke tare shi, yana kwashe ƙasa, yana barin fako. Yunwar 1984 kuwa ba rashin ruwa kaɗai ya tsananta ta ba. A watan Afrilu na wannan shekara Nijeriya ta rufe iyakokinta, hatsi ya daina shigowa yadda aka saba, 'yan bida suka rasa hanya. Shi ya sa talakawa suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Tun daga nan muna iya ganin cewa a Adar maganar damina da maganar hulɗa da ƙasashen waje tare suke tafiya.

2. Abin da aka yi a Kaita

Furojen ya fara aiki a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar PAM kuma tana ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Daga gundumar Kaita aka soma, daga baya aka faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Dabarar ita ce a bi ruwa tun daga inda yake faɗowa: katafila ta fasa fakon tudu, a jera duwatsu, a haƙa ramuka a gangare a dasa itace, a gina baraji a ƙorama don ruwa ya tsaya ya nutse. Alƙaluman da aka bayar zuwa 2003 sun nuna an raya kimanin eka dubu 35, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an kashe fiye da dalar Amurka miliyan 80.

Duk wanda ya san Kaita ta 1984 ba zai raina wannan aiki ba. Amma akwai abin da alƙaluman ba su faɗa. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza suna Abijan, ko Nijeriya, ko Libiya wajen bida. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan tarihin ƙwadago a Adar, ta nuna cewa da yawa daga cikin matan talakawa ne, wasu kuma zuriyar bayi, waɗanda ba su da wata hanyar samun abincin rani. Ke nan arahar aikin gandari ta samo asali ne daga talaucin masu yin sa. Da an biya su ladan da namiji zai yarda ya fasa tafiya bida dominsa, da kuɗin eka ɗaya ya haura abin da aka rubuta nesa ba kusa ba.

3. Lissafi iri biyu

A shekarun nan ne kuma wani abu ya faru a kudu, a gundumar Illela. A 1989 wani furoje na hukumar FIDA ya kai wasu manoma ziyara Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, a zuba taki, gara ta shiga ta buɗe ƙasa, ruwan fari ya taru a shuka hatsi. Da suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Ita ce tassa. Ba ta buƙatar katafila ko gazuwal, sai hauya da taki da ƙarfin jiki. Har ta kai fakon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa, kuma a ganinmu babu shaidar riba da ta fi wannan ƙarfi: manomi ba ya fitar da kuɗinsa ya sayi abin da ba ya tsammanin amfaninsa.

Ba muna cewa tassa ta fi baraji ba. Tassa ba ta tare ƙoramar da ke cinye fadama, kuma mai ƙaramin ƙarfi wanda ba shi da dabbobi ba shi da taki. Bambancin yana wajen kulawa. Ramin tassa mai gona ne ke sabunta shi. Baraji kuwa rairayi yana cika shi, wayar da ta ɗaure duwatsu tana tsatsa, gyaransa yana son inji da kuɗin da ƙauye ba shi da su. Saboda haka tsawon ransa ya dogara ga baitulmali, ko ga zaman lafiyar Yamai da ƙasar da ta ba da kuɗin. An ga haka a fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi, CEDEAO kuma ta rufe iyakoki. A taron Baku na 2024 ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dalar Amurka biliyan 300 a shekara kafin 2035 don matsalar sauyin yanayi, amma masu ba da kuɗi sun fi son sabon gini, wanda ake iya ƙaddamarwa, a kan yashe tsohon baraji.

4. Wa zai yi lissafin?

Mafi yawan abin da aka rubuta kan Kaita da Faransanci yake, ko Italiyanci, ko Ingilishi, kuma an rubuta shi ne don wanda ya biya ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Lokacin da aka yi aikin babu jami'a a Tawa. An kafa ta a 2010, kuma tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da ta ilimin noma, kuma cikin ɗalibanta akwai 'ya'ya da jikokin matan da suka yi gandarin.

Wahalar ita ce ɗalibi yana koyon tattalin arziki da Faransanci, da misalan wasu ƙasashe, sa'an nan ya je Tamaske ko Ibohaman ya yi tambaya da Hausa ko Tamajak. A tsakanin harsunan biyu abubuwa suna salwanta. Takardar tambaya tana neman eka da kilo, manomi yana ba da amsa da dami da tiya, da yawan watannin da rumbu ya kai kafin a fara awo. Kalma ɗaya ta Faransanci kan haɗa fako da jigawa da ta gaji wuri guda, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko dala ma tarko ce, tunda a kasuwar Tawa sefa biyar ake nufi. Dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, sai dai doka ba ta ƙirƙiro kalmomin fannin ilimi. Malamai da ɗalibai ne za su yi, a wurin aiki.

Shawararmu ita ce a mai da kwarin Kaita filin karatu na dindindin. Kowace shekara ɗaliban noma su duba barajin ɗaya bayan ɗaya, su auna rairayin da ya taru da zurfin ruwan rijiyoyi, ɗaliban tattalin arziki kuma su bi sawun gonakin da aka raya, su gano wa ke noma su yau, da ko matan da suka ɗauki duwatsun sun samu rabo a ciki. Haɗin gwiwa da masu binciken Italiya da cibiyar AGRHYMET ta Yamai yana da amfani a nan, musamman don a samu kwafin tsofaffin taswirori da hotunan sama na shekarun 1980 a ajiye su a Tawa, inda za a kwatanta su da abin da ɗaliban suka tarar.