Waziri da Mai Wa'azi: Abubakar Imam da Sa'adu Zungur a Ma'auni

A watan Yunin 1949 'yan bokon Arewa suka hallara a Kaduna domin babban taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama NPC. Dokta R.A.B. Dikko aka ba shugabanci. Cikin sauran waɗanda aka zaɓa akwai Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a matsayin ma'aji, da Malam Sa'adu Zungur na Bauci, mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Ba a jima ba hanya ta rabu. Imam ya shiga majalisa a zaɓen 1951 tare da mutanen NPC, Sa'adu kuwa ya karkata wajen NEPU da almajirinsa Malam Aminu Kano. Tun daga nan aka saba yi musu awon gaggawa: wai Imam ɗan lallami ne, yaron gwamnati, Sa'adu kuma ɗan tawaye mai neman rushe sarauta. Ni ban yarda da wannan awo ba. Duk wanda ya zauna ya karanta abin da suka bari zai tarar damuwarsu ɗaya ce game da Arewa, gyaran da suke so ma kusan ɗaya ne. Inda suka sha bamban shi ne yadda kowa ya ɗauki maganar ya kai ta kunnen masu iko, da kuma abin da hakan ya jawo masa.

Dukansu 'ya'yan gidan malamai ne. An haifi Imam a Kagara a 1911, mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali. Sa'adu ya biyo baya da 'yan shekaru kaɗan, a gidan limamai a Bauci, ya sha Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun yana ƙarami. Dukansu sun yi Kwalejin Katsina. Daga can Imam ya zama malami a Midil ta Katsina, shi kuwa Sa'adu ya wuce Kwalejin Yaba da ke Legas a 1934, ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Bai tsaya ya ƙarasa ba, amma ya ga garin da ake buɗe jarida a soki Gwamna a ciki, gari ya waye ba abin da ya sami kowa. Da ya dawo ya koyar a makarantar 'yan duba-gari a Kano da Zariya.

Ƙofar Imam ta buɗe ne da gasar rubuta littattafai ta 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. A cikinsu duka, na saurayin nan ɗan shekara ashirin da biyu ne ya fi zaƙin baki. Wanda ya karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke ta yi wa juna ƙeta gari bayan gari ya san a nan ne Hausar boko ta fara dariya. East ya gane abin da ya samu, ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, a ƙarshen shekarun 1930.

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin a ganina duk halin Imam yana cikin littafin farko. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci, yana jiran yaron ya sa ƙafa waje a hallaka shi. Musa kuwa ya ƙagara ya bi sawun waɗanda suka tafi yaƙin. Ba wanda ya tsaya tsakaninsa da mutuwa sai tsuntsu, aku, wanda ba shi da takobi ba shi da dakaru. Kullum Musa ya yi ɗamara ya zo sallama, aku ba ya ce masa kada ka tafi. Sai ya yaba niyyarsa, ya sako wata magana da za ta ja hankalinsa, yaro ya tambaya, labari ya ɓarke, kafin a ƙare gari ya waye. Haka ya yi ta yi har Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a gurbinsa. An ce tsarin labarin aro ne daga tsofaffin labaran Indiya da Farisa, kuma haka ne. Amma mutum ba ya aron riga sai wadda ta dace da jikinsa. Imam ya yi imani cewa mai iko ba a tare masa gaba, zagayowa ake yi ta inda zai saurara, kuma da wannan imani ya yi aikinsa har ya tsufa.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta fiye da shekara goma. A wancan zamani masu karatun boko ƙalilan ne, don haka kwafi ɗaya kan ciyar da zaure guda. Malamin makaranta ko akawun En'e ya buɗe ta bayan la'asar, dattawa sun kewaye shi, yana karantawa ana tsayar da shi ana tambaya ina ne Bama, me Hitila ke nema, nawa gyaɗa ta kai. Imam ya san kunne yake rubuta wa, shi ya sa jimlolinsa ke tafiya kamar hira, da karin magana a inda ya dace, ba nauyin Larabci ba ƙaƙale. Ya kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, mutanen da ba su taɓa tsammanin ƙorafinsu zai hau takarda ba. Hausar da muke rubuta labari da rahoto da ita yau, a jarida da rediyo, a wannan tebur aka sassaƙa ta.

Masu ce masa yaron gwamnati sukan kafa hujja da tafiyar 1943, lokacin da aka kai 'yan jaridar Afirka ta Yamma Ingila. Nnamdi Azikiwe ya rubuta takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Gaskiya ne ya ƙi, domin yana ganin Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe nata kason in an raba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wannan tafiyar ce ya je har gidan Lugga, mutumin da ya kafa mulkin En'e da hannunsa, ya zayyana masa illolin tsarin: talaka ba shi da bakin magana, ɗan boko ba a sauraronsa, Bature kuma ba ya jin gaskiyar abin da ke gudana a ƙasa. Ya biyo da wasiƙu bayan ya dawo. Wannan ba aikin matsoraci ba ne. Sai dai a ɗaki aka yi maganar, da ladabi, tsakanin mutum biyu.

Sa'adu bai iya maganar ɗaki ba. Tun a Zariya ya fara tara matasa a ƙungiyar tattaunawa, yana aika rubutu jaridun Legas. Da ciwon huhu ya mayar da shi gida Bauci, can ya haɗu da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, su biyun malaman Midil ne, a dandalin muhawara da hukuma ta amince a kafa. Dandalin bai yi tsawon rai ba, don tambayoyin da ake yi a ciki sun kai har kan albashin sarki da tushen mulkin En'e, aka rufe shi. Suka kafa wata ƙungiyar tasu ta ci gaban Bauci. A 1948 ya tafi Legas ya zama sakataren NCNC ta Azikiwe, matsayin da ba ɗan Arewa da ya taɓa riƙe irinsa a jam'iyyar Kudu. Can ma bai daɗe ba, ya dawo da ɗacin rai game da yadda ake kallon Arewa.

Makaminsa waƙa ce, kuma ba sabuwar hanya ya ƙirƙiro ba. Ya hau turbar Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u ne, turbar wa'azi da ƙafiya da ma'aunin Larabci, inda malami ke tsayawa ya faɗa wa sarki da talaka abin da Allah ya ce ba tare da neman izini ba. Waƙar Bidi'a faɗa ce ta malami tsantsa a kan al'adun da yake ganin sun saɓa wa sunna. Maraba da Soja tarba ce ga dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, amma a ƙarƙashinta akwai tambaya game da 'yancin da aka ce sun je karewa. Babbarsu ita ce Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ya ɗaure baitocinta da ƙafiya guda daga farko har ƙarshe.

Wannan waƙa an fi ambaton ta fiye da karanta ta, shi ya sa ake yi mata mummunar fahimta. Sa'adu bai nemi a kawar da sarakuna a cikinta ba. Gargaɗi yake yi musu. Ya nuna musu Indiya, inda ɗaruruwan sarakuna suka wayi gari bayan 1947 mulki ya kuɓuce musu, ya ce in ba su gyara ba, ba su buɗe ƙofar ilimi ba, ba su daina zalunci da danne masu faɗin gaskiya ba, abin da ya ci waɗancan zai ci su, Arewa kuma ta koma ƙarƙashin wasu. Sarauta mai tsari yake so, irin ta Ingila, mai majalisa da shawara. Har ma Mudi Sipikin ya ga sassaucin ya yi yawa, ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. To ina bambancin wannan da abin da Imam ya faɗa wa Lugga? Tsoron da ya hana Imam sa hannu a takardar Azikiwe shi ne ke kai da komo a cikin baitocin Sa'adu. Bambancin kawai, shi Sa'adu a bainar jama'a ya faɗa, da harshen da talaka zai haddace ya rera a kasuwa, kuma da kalmomin da fada ba ta saba ji daga bakin ɗan ƙasa ba.

Kowace hanya da kuɗinta. Imam ya samu tsawon rai da tsawon aiki. Ya bar siyasa da wuri, ya koma harkar littattafai, ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa har ya shugabance ta, ya rubuta littattafan tarihin Musulunci, ban da Tafiya Mabuɗin Ilmi da ya rubuta tun da farko, ya rasu a 1981 da girmansa. Amma albashin gwamnati yake ci, jaridar ma ta gwamnati ce, kuma akwai iyakar da alƙalaminsa bai taɓa tsallakawa ba. A shekarun da ake kama 'yan NEPU ana yi musu bulala ana ɗaure su a gidajen yarin En'e, dabarar aku ba ta isa ta fitar da kowa ba. Wannan gibi ne a tarihinsa, bai kamata ƙaunar Magana Jari Ce ta sa mu rufe ido a kai ba.

Sa'adu ya biya nasa da jikinsa. Bai riƙe wani aiki ya daɗe ba, bai tara komai ba, ciwo ya ci shi a hankali, ya rasu a farkon 1958 bai cika shekara arba'in da biyar ba, saura ƙasa da shekara uku a sauke tutar Ingila. Abin da ya bari na waƙa bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma Hausarsa mai nauyi ce, cike da Larabci da ishara ga tarihi, har sai da Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a 1974 yana warware ta. Yana da zafin rai, kuma zafin nan ya raba shi da mutanen da da sun taimaka masa. Akwai kuma wata gaskiya da masoyansa ba su cika son ji ba: da aka buga waƙoƙinsa cikin boko a Zariya, waɗanda suka iya karanta su su ne yaran da Ruwan Bagaja da Gaskiya Ta Fi Kwabo suka koya wa son karatu.

In aka ce in zaɓi marubuci, Imam zan ɗauka ba tare da jinkiri ba, don ba wanda ya yi wa zuben Hausa hidimar da ya yi. In aka ce wa ya tsaya inda tsayuwa ke da tsada, Sa'adu ne. Abin da ke ci mini rai shi ne mun rage wa kowannensu rabinsa. Imam mun mayar da shi mai ba yara labari, mun manta da mutumin da ya zauna gaban Lugga. Sa'adu kuma mun sa sunansa a jami'ar jihar Bauci da ɗakunan taro, muna jan baiti ɗaya ko biyu a wajen lacca, alhali kaɗan ne cikinmu suka taɓa bin waƙar daga farko zuwa ƙarshe suka ga me yake roƙon sarakuna su yi.

Sarakunan ba su yi abin da ya roƙa a kan lokaci ba. A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Sanusi ya yi murabus. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon. Sa'adu bai ga ko ɗaya ba. Imam ya ga dukansu, yana raye a Zariya.