Zaɓen Sabon Lagireto Domin Tsohuwar Motar Shiga Ƙauye

Gabatarwa

A yankin Mubi, motar da ke kai taki gona, ta ɗauko buhunan masara, dawa, wake da gyaɗa zuwa kasuwa, yawanci tsohuwar Toyota Hilux ce, ko Land Cruiser, ko ragowar Land Rover. Irin waɗannan motoci ne ƙungiyoyin manoma da malaman gona ke dogaro da su wajen ratsa hanyoyin Maiha, Michika da ƙauyukan gindin duwatsun Mandara. Da yawansu sun haura shekara 25 a kan hanya. Injinsu na da juriya, amma zafi guda ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket ko ya tsaga kan inji, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin lagireto sau da yawa. Wannan bayani domin kai ne, manomi ko malamin gona, idan lokacin sauya lagireto ya yi kuma na asali daga kamfani ya fi ƙarfin aljihu ko ya ƙi samuwa.

Ka tabbatar laifin na lagireto ne

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da man mota ke bayarwa idan ya ƙone, ruwan inji ne ke kwashe shi ya kai wa lagireto, iska kuma ta ɗauke. Abubuwa da dama ne ke haɗuwa su yi wannan aiki, kowanne ya gaza mota za ta tafasa. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, ka sa bakanike ya duba fambel ko ya saki, famfon ruwa ko yana yoyo, tiyo ko ya yi laushi yana tsukewa, da fanka ko tana jan iska da ƙarfi. A motocin da fankarsu ke da kulocin mai, kulocin kan mutu, fankar ta riƙa juyawa kamar tana aiki alhali iskar ba ta kai ta kawo ba.

Murfi ma abin dubawa ne, kuma shi ne mafi arha. Ruwa na tafasa a ma'aunin zafi 100, a tudu irin na Mubi ma ƙasa da haka kaɗan. Murfin da aka rubuta wa 0.9 yana matse ruwan har ba zai tafasa ba sai zafi ya kusa 118. Idan robar murfin ta cinye, wannan rata ta tafi. In kuwa ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ko baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara, to gasket ya riga ya ƙone, sabon lagireto ba zai yi maganin komai ba.

Aikin motarka ba irin na motar kwalta ba ne

Wannan shi ne ginshiƙin zaɓen. Motar da ke gudu a kan titin Mubi zuwa Yola, gudun kansa yana tura mata iska. Taka kuwa tana hawan tudu da giya ɗaya ko biyu, ɗauke da kaya fiye da ƙima, inji na kuka amma tafiya kaɗan. A watannin Maris da Afrilu zafin gari kan kusa 40. Da damina taɓo ne ke fantsama gaban mota, da kaka kuma ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa, sai ƙurar hunturu ta biyo baya. Lagireton da aka ƙera domin titi mai tsabta a ƙasar sanyi zai iya shiga mazauninsa daidai, amma ya kasa wannan aiki.

Na tagulla ko na alminiyam

Iri biyu za ka fi tararwa a shagunan kayan gyara. Na farko shi ne na tagulla, wanda tankinsa na sama da na ƙasa ƙarfe ne da aka liƙe da dalma. Irinsa ne tsofaffin motocin nan suka fito da shi. Yana da nauyi, ya fi tsada, amma mai gyaran lagireto a Mubi zai iya narkar da dalmar, ya buɗe tankin, ya zura siririn ƙarfe ya share bututun ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya liƙe. Idan icce ya huda bututu guda a daji, ana toshe shi kaɗai a ci gaba da tafiya.

Na biyu shi ne na alminiyam mai tankin roba, wanda aka matse da haƙoran ƙarfe a gefe. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin kuɗi, kuma mai kyau daga cikinsa yana sanyaya ruwa sosai, domin bututunsa na da faɗi. Matsalarsa biyu ce. Robar tana bushewa da zafi da shekaru, sai girgizar hanya ta tsaga ta, galibi a wuyan da tiyo ke shiga, kuma gam ba ya riƙe wurin na dogon lokaci. Sannan alminiyam ba ya jure zallar ruwan rijiya, yana cinyewa daga ciki. Akwai kuma wanda gaba ɗayansa alminiyam ne da aka yi wa walda, sai dai mai waldar alminiyam ba a kowane gari ake samunsa ba.

A ganina, motar da ke kwana a ƙauye nesa da shagon kayan gyara, na tagulla ya fi dacewa da ita ko da ya ɗara tsada. Hasali ma idan tankunan tsohon naka lafiyarsu ƙalau, ka fara tambaya ko za a iya sauya masa tsakiyar kawai, wato sashen nan mai kama da saƙar zuma, a bar tankunan da ƙafafun da aka san sun dace da motar. Motar ofis da ke dawowa gari kullum kuma ake zuba mata ruwan sanyaya inji na kanti, na alminiyam zai wadatar da ita.

Layin bututu da tazarar ganye

Mai shago zai ce maka wannan mai layi biyu ne, wancan mai uku ko huɗu, kuma mai huɗu ya fi. Ba kullum ba. Yawan layi yana ƙara kauri, kauri kuma yana wahalar da iska wajen ratsawa, musamman a tafiyar hawainiya da fanka kaɗai ke jan iskar. Layin baya iskar da ta riga ta ɗumama yake samu. Mai layi biyu na alminiyam da faffaɗan bututu kan yi aikin mai layi uku na tagulla. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ka sayi wanda ya fi na asali siranta, kada kuma ka sayi mai kaurin da zai kusanci fanka har ta taɓa shi idan mota ta faɗa rami.

Abin da aka fi mantawa shi ne siraran ganyen ƙarfen da ke tsakanin bututu. Idan sun matsu ƙwarai, suna sanyaya ruwa da kyau ranar farko, amma mako guda a masussuka ya isa ƙaiƙayi ya toshe su. Dubi lagireton tarakta, za ka ga ganyensa a buɗe yake, kuma da gangan aka yi haka. Ka ɗaga wanda za ka saya ka kalli rana ta cikinsa. Wanda haske ke ratsawa sosai, shi ne zai wanku idan taɓo ya bushe a jikinsa.

Ka tafi kasuwa da tsohon

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Hilux mai injin fetur 22R da mai injin gas 3L ko 5L ba lallai lagiretonsu ya zo ɗaya ba. Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 ake ƙera ta, injin 1HZ mai lita 4.2 kuma ya shigo a 1990, kuma an yi ta sauye-sauye a tsakani. Ga shi da yawan motocinmu an riga an sauya musu inji. Ka ciro tsohon ka ajiye shi kusa da sabon. A auna tsawo, faɗi da kauri. A duba ɓangaren da bakin tiyo na sama da na ƙasa suke da girman kowanne, da ramukan ƙusoshi, da wurin ɗaura ƙawanyar da ke kewaye fanka. Wannan ƙawanya kada ka yarda a yar da ita don ta ƙi zama, domin ita ce ke tilasta wa fanka jan iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Idan ka ga ƙananan bututu biyu a tankin ƙasa, na mota mai giyar otomatik ne. Mai giyar hannu za ta iya amfani da shi, amma mai otomatik ba za ta iya da wanda ba shi da su ba.

Na hannu da ake cirowa daga motocin Turai yana iya zama mai inganci, sai dai ba ka san shekarunsa ba. Ka leƙa ta baki: farin dasashi ko tsatsa a bakin bututu alama ce ta toshewa. A toshe ƙofofinsa, a hura masa iska cikin baho na ruwa a ga ko kumfa zai fito. A cika shi da ruwa a saki ƙofar ƙasa, ruwan ya zubo da ƙarfi a lokaci guda. Ganyen da ke rugujewa idan ka shafa da yatsa, ko fenti sabo a wuri guda kawai, dalili ne na barinsa.

Ranar ɗaurawa

A wanke cikin inji da ruwa har ya fito garau, in ba haka ba tsohuwar tsatsa za ta koma cikin sabon lagireton. A sa sabon murfi mai lamba irin ta asali, da sabbin tiyo idan tsofaffin sun kumbura, da robobin da lagireto ke zama a kansu, domin su ne ke shanye girgiza. Kanikawa da yawa kan cire tamostat su ce ƙasarmu ta zafi ce. A mayar da mai kyau, domin a injuna da dama rashinsa yana sa wani ɓangaren ruwan ya riƙa kewayawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Ruwan rijiyar burtsatse da na kogin Yedzaram suna barin dasashi da laka a bututu. Ruwan sama da aka tace ya fi, a gauraya shi da ruwan sanyaya inji na kanti gwargwadon abin da aka rubuta a jikin galan. Kada a zuba ƙwai ko sabulu don tsayar da yoyo, suna toshe bututu ne tare da ramin. Wannan ruwa na kanti yana da ɗan zaƙi kuma guba ne, saboda haka wanda aka zubar daga mota a haƙa rami a binne shi nesa da rijiya, kada a bar shi a kwano inda yara, awaki ko kaji za su kai gare shi.