Zanen da ya zama shaidar mallakar ƙasa a hamadar Ostareliya

A shekarar 1997, maza da mata fiye da 40 daga cikin ƴan asalin ƙasar Ostareliya, waɗanda ake kira Aborijin, suka taru a hamadar Great Sandy, suka shimfiɗa ƙyalle mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Kowa ya zauna kan ɓangarensa, ya zana rijiyoyi da tuddan rairayin ƙasar kakanninsa. Hukuma ta nemi su kawo shaidar cewa yankin nasu ne, su kuma ba su da takarda. Zanen, mai suna Ngurrara, shi suka gabatar: dattijo ya taka wurinsa a kan ƙyallen, ya yi bayani da harshensa. A 2007 kotu ta amince da haƙƙinsu a kan ƙasar.

Wannan salon zane ya samo tushe ne a Papunya, wani ƙauye mai nisan kusan kilomita 240 daga garin Alice Springs, inda gwamnati ta tattara ƙabilu irin su Pintupi, Luritja da Warlpiri bayan sun rabu da yankunansu. A 1971 wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa suka yi zane a bangon makarantar. Daga nan suka koma yi a kan allunan katako da fenti, alamomin da a da ake zana su a rairayi ko a jikin mutum lokacin bukukuwa. A 1972 suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, wanda har yau mallakar masu zanen ne.

Baƙo ɗige-ɗige kawai yake gani, ɗan gida kuwa taswira yake karantawa. Da'ira cikin da'ira na nufin rijiya ko zango, layi na nufin hanya, siffar harafin U kuma mutum ne a zaune, kamar yadda gurbinsa ke fita a rairayi. Duka suna ba da labarin Tjukurpa, wato tafiye-tafiyen kakanni na farko waɗanda, a imaninsu, suka samar da duwatsu da ruwaye, suka kuma kafa doka. Ba kowa ke zana kowane labari ba, sai wanda ya gaje shi.

Nan ne rikici ya taso. Zanukan farko sun fito da abubuwan asiri da ba a yarda mata, yara ko baƙi su gani ba, lamarin da ya fusata dattawan wasu yankuna. Masu zanen sai suka daina sa su, wasu kuma suka riƙa lulluɓe su da ɗige-ɗige.

Kasuwa ta buɗe, amma ba kullum mai zanen ke cin riba ba. An sayi zanen Warlugulong na Clifford Possum Tjapaltjarri kan dalar Ostareliya 1,200 a 1977. A 2007, shekara biyar bayan rasuwarsa, aka yi gwanjonsa kan dala miliyan 2.4. Sai a 2010 doka ta fara bai wa masu zane kashi 5 cikin 100 idan aka sake sayar da aikinsu. Akwai kuma matsalar jabu: wani rahoton hukuma na 2022 ya gano cewa biyu cikin uku na kayan tsaraba masu kama da na Aborijin ba su da alaƙa da su.

Duk da haka, zanen ya mayar da wasu gida. A 2000, masu zanen Pintupi suka yi gwanjon ayyukansu, aka tara fiye da dala miliyan 1. Da kuɗin aka kai na'urar wankin ƙoda ƙauyen Kintore, don marasa lafiya su yi jinya kusa da danginsu maimakon zaman baƙunta a Alice Springs.