Mai Shiru Ma Tana Jin Yunwar Mutane

Zancenmu na wannan mako a kan wata irin mace ne wadda kusan kowaccenku ta san irinta. Ki duba layinku a nan Hayin Banki, ko Kawo, ko Unguwar Dosa, da wuya ki rasa ta. Ta kai shekara 25 ko 30, aikinta tsab, watakila ma ta fi kowa hadda a Islamiyya. Amma in an taru ana hira sai ta koma gefe. In kin yi mata magana ba ta duban idonki. Ran biki, da an kunna lasifika, sai ta toshe kunne ta shige ɗaki. In an sake wa kwanonta wurin zama, yinin nan duka ba ta da sukuni. Mu kuwa tuni mun yanke mata hukunci: miskila ce, girman kai gare ta, ko kuwa iska ce ta taɓa ta. Sa'an nan mu ce, "Ku ƙyale ta, ba ta son mutane." To, wannan magana ta ƙarshe ita nake so mu auna.

Ba kowace mai shiru ce zancen nan ya shafa ba, akwai kunya, akwai hali. Amma waɗansu daga cikinsu suna tare da abin da likitoci ke kira otizim, wanda za ki ji ana ce masa galahanga a rediyo. Da shi ake haihuwar mutum, da shi yake tsufa, gado kuma yana da hannu babba a ciki. Ba sammu ba ne, ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, ba kuwa sakacin uwa ba ne. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a 1943 bayan ya duba yara 11. Ƙididdigar 2021 ta nuna kimanin mutum 1 cikin 127 a duniya yana da shi. Waɗansu ba su magana ko kaɗan, sai an kula da su iyakar ransu. Waɗansu kuwa suna karatu, suna aiki, suna aure. An fi gane shi ga maza, don yarinya takan koyi ɓoye nata da kwaikwayon 'yan'uwanta. Balle a ƙasarmu, inda shirun 'ya mace abin yabo ne, sai ta girma ba wanda ya lura.

Yanzu bari mu leƙa cikin kai. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo daga wannan sashe zuwa wancan ta hanyar waɗansu sinadarai, ɗaya daga cikinsu sunansa dofamin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya gano muhimmancinsa wajen 1957, har aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Aikinsa shi ne ya zaburar da ke ki nemi abu. Kin san sa'ad da ƙamshin suyar albasa ya taso daga maƙwabta, ki ji cikinki ya motsa, ƙafarki ta nufi madafa? To, da hannun dofamin a ciki. Shi ne kuma ke sa ki ɗauki mayafi ki tafi barkar haihuwa, don ƙwaƙwalwa ta tuna daɗin da kika ji wancan karo.

A 2016 masana a wata babbar makarantar kimiyya ta Amurka, MIT, suka ware ɓera shi kaɗai kwana ɗaya cur, sa'an nan suka haɗa shi da ɗan'uwansa. Sai suka ga waɗansu ƙwayoyin dofamin a kansa sun motsa ƙwarai, fiye da na ɓeran da ba a ware ba. A 2020 kuma aka gwada da mutane 40 a can. Rana ɗaya aka hana su abinci awa 10, wata rana aka rufe kowa shi kaɗai awa 10, ba hira, ba zumuncin waya. Da aka sa su cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna wa mai yunwa hoton abinci, aka nuna wa wanda aka ware hoton mutane suna raha, sai ga wuri guda ya motsa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ake yin dofamin. Watau kaɗaici ɗan'uwan yunwa ne. Yadda mai azumi ke ji da la'asar sakaliya, haka jiki ke neman mutane.

To, ina labarin masu otizim? Da fari waɗansu masana sun ɗauka wannan yunwa ce ba su da ita sosai, wai ƙwaƙwalwarsu ba ta ba su ladan zama da mutane. Lalle akwai bambanci. A 2018 aka tattara bincike 13 na hoton ƙwaƙwalwa, aka ga sashen lada nasu yana amsawa dabam da na sauran mutane. Amma fa ba ga fuskar mutane kaɗai ba, har ga abubuwa irin su kuɗi. Saboda haka ba a iya kafa hujja da shi a ce ba su son mutane. Ga kuma abin da su da kansu suka faɗa. A 2014 wata masaniya a Amurka, Micah Mazurek, ta tambayi manya 108 masu otizim. Waɗanda kaɗaici ya fi damu su ne suka fi baƙin ciki da fargaba da raina kai, waɗanda ke da aminai kuwa kaɗaicinsu ya fi sauƙi. Ashe yunwar tana nan. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan ni dai na ce a tambayi mai zuciyar, don fuskarta ba ta iya ba da labarin.

Abin da ke faruwa, tana son mutane, amma irin zaman da muke yi ya fi ƙarfinta. Ki tuna yadda tsakar gidanmu take ran suna: mata arba'in, kowa na magana lokaci guda, ga turare, ga hayaƙi, ga kukan yara, ga janareta. Mu muna jin daɗi. Ita kuwa kunnenta ba ya tace ƙara, duk a tare suke shigar mata. Ga hirarmu cike da habaici da zaurance da harara, ita kuwa magana a fili take ganewa, a fili kuma take faɗa. In facalarta ta ce, "Yaya atamfar nan?" sai ta ce ba ta yi kyau ba, ba da mugunta ba. Gobe an daina kiranta. In aka yi haka sau goma, sai ta daina fitowa, mu kuma mu ce ai dama mun faɗa.

Wani masani a Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya ce a 2012 rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce: yadda ba ta karanta mu, haka mu ma ba mu karanta ta. An kuma gwada a Jami'ar Edinbara a 2020, aka ga masu otizim in su ya su ne suna isar wa juna labari daidai da kowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da muka fi yi, watau "a yi mata aure, za ta warware." Aure ba laifi ba ne in tana so, in kuma an gaya wa mijin da uwar mijin gaskiya. Amma a ɗauke ta daga ɗakin da ta sani a kai ta gidan yawa, ba wanda ya san halinta, sau da yawa ƙarshensa takarda ce, ta dawo da kaɗaici ninki biyu. Na biyu shi ne kwalba. Kodin da tiramol suna tsokano dofamin ɗin nan na ɗan lokaci, sa'an nan su bar mutum ya fi da lalacewa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ki sa ido, mai kaɗaici ita ce ta fi sauƙin yaudara.

To, me za ki yi? Zumunta a ƙafa take, ki je ke kaɗai, kada ki ɗebo ƙawaye. Ki sa rana da lokaci, ki kuwa cika, don zuwan ba-zata yana rikita ta. Ki tafi da aikin hannu, tsintar shinkafa, ko ɓarar gyaɗa, ko ɗinkin hula, ku zauna kafaɗa da kafaɗa, ba sai an dubi ido ba. In kun yi rabin awa ba magana, ba kome, hira ce a wurinta. In tana da abin da take ƙauna, ko kiwon kaji ne ko lissafi, ki tambaye ta a kansa, za ki sha mamakin bakin da ke gare ta. Ran biki ki gaya mata a fili, "Ki zo da hantsi kafin masu kiɗa, in kin gaji ki tafi, ba wanda zai ji haushi." Ku kuma 'yan makaranta, yarinyar nan da ke cin abincinta ita kaɗai lokacin tara, ɗayarku ta je ta zauna kusa da ita.

Kada ki ce wannan ƙaramin abu ne. Yaro na farko cikin 11 na Likita Kanner, Donald Triplett, ya rayu har shekara 89, ya rasu a 2023. A ƙaramin garinsu, Forest, ya yi aikin banki shekaru masu yawa, yana tuƙa motarsa, yana zaga ƙasashe, mutanen garin kuwa sun riƙe shi nasu ne.

Maganar asibiti kuma, babu ƙwayar da ke warkar da otizim, kada wani ya ci kuɗinki. Akwai magungunan da ke taɓa dofamin waɗanda likita kan bayar in fushi ko jin wa kai rauni ya yi tsanani, amma ba su maganin kaɗaici. Sai dai in kin ga ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta fara cewa gara ta mutu, kada ki jira. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Barnawa, ƙetaren kogi, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. Ku tafi da wanda ya san ƙuruciyarta, uwa ko goggo ko yaya, don likita zai tambayi yaushe ta fara magana, da yadda take wasa da yara tun tana ƙarama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.